Waƙoƙin buluz na Langston Hughes: rubutacciyar waƙa ce ko kwafar waƙar baka?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Langston Hughes, marubucin waƙoƙi baƙar fata ɗan Amurka, yana da waƙoƙi masu nauyi, ba na musu. Wadda ya yi kan koguna, da mujallar The Crisis ta buga a 1921, inda ya jero Furatu da Kwango da Nilu da Misisipi a matsayin shaidun tarihin baƙar fata, waƙa ce ta kirki. Amma waɗanda aka fi yi masa kirari da su, na salon buluz, wato waƙar baka ta baƙaƙen Amurka, ni ban yarda rubutacciyar waƙa ba ce. Abin da mawaƙan gidajen rawa da leburori suke rerawa ya saurara ya zuba a takarda. A faɗi ɗango, a maimaita shi, a kawo na uku a rufe. Ina aikin? Wanda ya zauna gaban makaɗi ya rubuta abin da ya ji sunansa magatakarda. Sannan idan ka raba irin wannan waƙa da kiɗanta, ka bar ta tsirara. Kuma ba a bakina aka fara ji ba. Countee Cullen, abokin zamaninsa a Harlem, unguwar baƙaƙe a Niyok, da ya yi sharhin littafinsa na farko The Weary Blues a 1926, ya nuna shakkar ko waƙoƙin salon kiɗan jaz da ke ciki sun cancanci shiga sahun abin da ake kira waƙa. James Baldwin kuma a 1959 ya ce duk lokacin da ya karanta Hughes sai baiwarsa ta ba shi mamaki, sannan ransa ya ɓaci da ƙarancin abin da ya yi da ita. Su biyun nan baƙaƙen Amurka ne, marubuta ne, 'yan gida ne.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, tuhuma biyu ka ɗaure a ƙulli ɗaya. Ta farko wai kwafa ya yi, ta biyu wai waƙoƙin ba sa tsayuwa sai da kiɗa. Ta biyun tana da ƙafa, za mu zo kanta. Ta farkon ba ta da ita.

Littafin da ake wannan rigima a kansa shi ne na biyu, Fine Clothes to the Jew, wanda kamfanin Knopf ya buga a 1927. A farkonsa Hughes ya sa ɗan bayani da kansa: waƙoƙi 8 na farko da 9 na ƙarshe an gina su ne a kan zubin buluz, wato 17 ke nan. Zubin ya ɗauka, kalmomin nasa ne. Wurin da ya ɗauko baitin wani sukutum shi ne cikin waƙar The Weary Blues, kuma shi ya faɗa da bakinsa a tarihin rayuwarsa The Big Sea na 1940, cewa baitin buluz ne na farko da ya taɓa ji yana yaro a garin Lawrence da ke jihar Kansas. A cikin waƙar ma ya sa shi ne a bakin wani mai kaɗa fiyano a titin Lenox da ke Harlem, a matsayin maganar wani. Shi Cullen da Malam ya kafa hujja da shi, waƙa mai ɗango 14 irin ta Turawan Ingila yake yi, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tela da ya ɗauki salon ɗinki ba a ce masa ya saci riga.

Ɗanlami: Kafin a yi nisa, bari a shimfiɗa yadda buluz yake a wajen makaɗa, don a ga ainihin abin da takarda take rasawa. (Buluz ne da z, kada wani ya zaci sunan mutum ne.)

Baiti ɗaya awo 12 ne, kowane awo bugu 4, jimilla bugu 48. Ɗango uku ne, kowanne yana da awo 4, wato bugu 16. To amma murya ba ta cinye bugu 16 ɗin. Takan ɗauki 9 ko 10 ta yi shiru, sauran 6 ko 7 na jita ne ko fiyano ko ƙaho, shi ne yake amsa mata. Idan ka haɗa, bugu 18 zuwa 21 a kowane baiti babu kalma ko ɗaya a cikinsu. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, kiɗan ƙarƙashi yana tafiya. Awo na 1 zuwa na 4 yana zaune a gida. A na 5 da na 6 ya tashi zuwa sauti na huɗu, na 7 da na 8 ya dawo gida. A na 9 ya hau sauti na biyar, sau da yawa ya ratso ta na huɗu a na 10, sannan na 11 da na 12 ya sauka gida. Ma'anar wannan ita ce ɗango na biyu, duk da kalmominsa ɗaya da na farko, a kan wani sauti daban yake hawa. Kunne ba ya jin an maimaita, yana jin an ƙara matsa ciwon ne. A takarda kuwa ido yana ganin abu ɗaya sau biyu. Don haka Malam bai yi ƙarya ba da ya ce akwai asara. Tambayar ita ce ko Hughes ya san da ramin, kuma me ya cike shi da shi.

Malam Isiyaku: Madalla, Ɗanlami. Ka ba ni lissafin da ban da shi. Kusan rabin waƙar ke nan ba ta zo takarda ba.

Hajiya Rabi: Ya san da ramin, kuma ga abin da ya yi. Bai rubuta baitin a ƙwar uku yadda ake rera shi ba. Ya karya kowane dogon ɗango gida biyu, baiti ya zama ɗango 6, amsa-amo yana faɗowa a na 2 da na 4 da na 6. Karyawar nan ita ce take tilasta wa mai karatu ɗan numfashin da mawaƙi yake yi a tsakiyar ɗango. Sannan wajen maimaitawa yakan taɓa kalma ɗaya ko biyu, ya ƙara ko ya rage ko ya sauya wuri, don ya rama abin da Ɗanlami ya ce kiɗan ƙarƙashi yana yi.

Abu na uku shi ne wanda ya fi raba shi da magatakarda. Faifan garmaho na wancan zamani minti uku ne kowane gefe, kuma a buluz na gargajiya baitoci yawo suke yi: mawaƙi yakan ɗauko wannan daga nan, wancan daga can, ba lallai su haɗu a labari ɗaya ba, muryarsa da kiɗan ne suke riƙe su. Hughes ba shi da wannan igiya, sai ya ɗaure baitocinsa da jigo ɗaya mai tafiya. A duba Homesick Blues, baiti uku ce kacal. Na farko mutum yana kallon gadar jirgin ƙasa, duk jirgin da ya wuce sai ya ji yana son tafiya. Na biyu ya isa tasha, gabansa na faɗuwa, yana neman taragon kaya da zai mai da shi gida, jihohin Kudu na Amurka. Na uku bai tafi ko'ina ba, sai ya buɗe baki ya yi dariya don kada ya yi kuka. Gada, tasha, baki: daga nesa ake matsowa har a iso fuskar mutumin. Wannan tsari ne na mai alƙalami.

Bala: Yaya Rabi, don Allah a ba mu misali da Hausa mu gani da ido. Bayanin karyawar nan bai zauna mini ba.

Ɗanlami: Ga wanda na harhaɗa yanzu, don misali kawai. A bakin mawaƙi haka zai fito:

Mai gida ya ce wata ya ƙare, ban biya kuɗin haya ba.
Wai wata ya ƙare, har yau ban biya kuɗin haya ba.
Na ce ranka ya daɗe, mu a gidan nan ba mu ga wata ba.

A tsarin Hughes kuwa:

Mai gida ya ce wata ya ƙare,
ban biya kuɗin haya ba.
Wai wata ya ƙare,
har yau ban biya kuɗin haya ba.
Na ce ranka ya daɗe,
mu a gidan nan ba mu ga wata ba.

Bala, karanta na biyun da ƙarfi kana buga tebur. Za ka ji ɗango na 5 ya tsaya a iska, kana jiran me zai ce wa mai gidan. Jiran nan shi ne dukiyar. A na farkon ido ya riga ya tsallaka ya ga amsar kafin baki ya iso.

Malam Isiyaku: Amsa-amon "ba" dai, wanda ya fi kowane araha a kasuwa. Ko yaro ya iya jera baiti ɗari da shi. Kuma ka taimake ni, Ɗanlami: cikin minti biyu ka ƙera baiti. Abin da ake ƙerawa cikin minti biyu shi ne nake tambaya ko ya kai a kira shi fasaha. Ina ma'auni? Na gwada auna ɗangon Hughes, wani gajere wani dogo, babu ƙafa biyu da suka yi daidai.

Hajiya Rabi: Malam, da mudun aruli, ma'aunin waƙar Larabci, ka auna, shi ya sa. Larabci da Hausa tsawon gaɓa suke aunawa, doguwa da gajeriya. Turanci kuwa gaɓoɓin da ake dannawa yake ƙirgawa, waɗanda ba a danna ba suna iya yawa ko su ragu. A waɗannan waƙoƙi rabin ɗango yakan ɗauki danni biyu ko uku, kuma da shi za ka auna.

Sannan akwai dabarar da Ɗanlami bai nuna ba, wadda ita ce ta fi wuya. Hughes ba kullum yake karyawa a wurin waƙafi ba. A Po' Boy Blues, wadda take kan yaron da ya baro Kudu ya zo jihohin Arewa duniya ta yi masa sanyi, ya yanke ɗangon farko ne a kan 'yar ƙaramar kalmar nan da Turanci ke sawa gaban suna, ya bar sunan ya faɗo ɗango na gaba. Kwatankwacinsa a misalin Ɗanlami shi ne a rubuta "Mai gida ya ce wata ya" a sama, "ƙare" ta gangaro ƙasa. Mai karatu ba shi da zaɓi sai ya ja muryar ya rataye ta, kamar yadda mawaƙi yake jan gaɓa ya tsallake bugu. Gangara ce, amma an sa ta daidai inda kiɗa zai karkace.

Inda abin yake lalacewa ma sananne ne. Idan ɗango na 3 da na 4 suka zo daidai da na 1 da na 2 harafi da harafi, ido yana tsallake su, baitin ya koma ɗango huɗu. Idan na 5 da na 6 suka ci gaba da bayani kawai ba su juya maganar ba, baitin ya mutu a tsaye, don duk nauyin a kansu yake. Idan kuma aka yi gangarar a kowane ɗango, ta daina aiki, ta zama tuntuɓe. Ba zan ce Hughes bai taɓa faɗawa ramin farko ba. Ya faɗa, akwai baitocin da maimaicin bai motsa ko kaɗan ba, kuma su ne mafi rauni a littafin.

Ɗanlami: A ƙara da yadda ya yi da gurbin kayan kiɗa. A baitin ƙarshe na Bound No'th Blues ya ɗauki kalmar da ke nufin hanya ya maimaita ta fiye da sau goma, da ɗige-ɗige a tsakani. A nan kalmar ta daina ba da labari, ta koma sautin takun ƙafa, ta yi aikin da jita za ta yi a bugu shidan nan na shiru. Ya yi irin haka da kalmar gajiya a ƙarshen Po' Boy Blues. Baba Malam, baitina na minti biyu na yarda ɗanye ne. Amma gwada ka yi huɗu a jere, jigo bai watse ba, kowane rufi ya fi na baya ciwo. A nan ake gane mai hannu.

Malama Asabe: Ni ina ganin ana auna gaɓa an bar abin da ya tayar da ƙurar tun asali. Da littafin ya fito a 1927, jaridun baƙaƙe ne suka fi yi masa ca. Pittsburgh Courier ta kira shi shara a kanun labari. Amsterdam News ta Niyok ta ce masa mazaunin kwata. Chicago Whip ta juya laƙabin sarkin mawaƙa ta mai da shi mawaƙi mai arha na Harlem. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ƙirga danni. Abin da ya ƙona musu rai shi ne mutanen da ke cikin littafin: masu goge tukwanen tofa yawu a otal, 'yan caca, matan da mazansu ke duka, mashaya. Waƙar da aka ciro sunan littafin daga cikinta, Hard Luck, tana cewa ne idan tsiya ta kama ka, tattara tufafinka na ado ka kai shagon jingina, a ba ka dala ɗaya da rabi, ka wuce wurin mai sayar da giya a ɓoye, don lokacin an haramta giya a Amurka. Masu ilimin boko na baƙaƙe suna fafutukar nuna wa fararen fata cewa su ma mutanen kirki ne, sai ga ɗansu ya shanya musu tsumma a bakin titi. Sunan littafin ma ya ƙara dagula lamarin: a bakin talakan Harlem "Bayahude" yana nufin mai shagon jingina, Yahudawa da dama ba su ji daɗi ba, kuma Hughes daga baya ya amsa cewa sunan bai dace ba. Littafin bai yi kasuwa ba.

Kuma ba cikin rashin sani ya yi ba. Shekara guda kafin nan, a Yunin 1926, ya rubuta maƙala a mujallar The Nation yana cewa matasan marubuta baƙaƙe za su bayyana kansu ba tsoro ba kunya, fararen fata su so ko su ƙi, baƙaƙe ma su so ko su ƙi.

Malam Isiyaku: Malama, kada a haɗa ni da waɗancan jaridu. Ni ban ce kada a yi waƙa kan talaka ba. Ƙorafina kan aiki ne.

Malama Asabe: Na sani, Malam, amma layin da ke tsakani siriri ne, kuma Hughes ya zana shi da kansa a ƙagaggen labarinsa Not Without Laughter na 1930, wanda ya ci masa lambar zinare ta Harmon. Yaro ne mai suna Sandy a wani ƙaramin gari a Kansas. Kakarsa Hager wankau take yi, mai riƙo da addini, tana ganin buluz kiɗan shaiɗan ne. Ubansa Jimboy ɗan yawo ne mai jita. Yayar mahaifiyarsa Tempy ta auri mai rufin asiri, ta koma cocin manya, tana jin kunyar duk abin da ke warin Kudu. Ƙanwar mahaifiyar tasa, Harriett, ita ce ta bi rawa da waƙa har aka cire rai da ita. A ƙarshe a Shikago, Harriett ɗin ce, ta zama fitacciyar mawaƙiyar buluz, ta ɗauki nauyin karatun Sandy. Maganar da Tempy take yi a littafin kusan ita ce maganar jaridun 1927.

Ga kuma abin da ya shafi gardamarku kai tsaye. A cikin labarin akwai babi guda da Jimboy yake kaɗa jita a bayan gida da daddare Harriett tana amsawa, da wani babin na gidan rawa. A can Hughes yana da zube a hannunsa, sai ya kwatanta kiɗan da kalmomi, ya faɗi yadda tsirkiya take kuka, sannan ya sa baitin. A littafin waƙoƙin kuwa ya hana kansa wannan taimako da gangan. Mutum ɗaya, hanya biyu. Magatakarda ba ya zaɓen hanya.

Bala: To batun rubutun fa? Na ga yana lanƙwasa kalmomin Turanci yadda talakan Kudu ke furta su. Wannan ba raina su ba ne?

Hajiya Rabi: Tambaya mai kyau, ƙanena, kuma a nan ne haɗarin ya fi yawa. Kafin Hughes an daɗe ana amfani da karyayyen Turanci a wasannin da fararen fata ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Paul Laurence Dunbar, marubucin waƙoƙi baƙar fata, ya yi suna da waƙoƙin karin harshe tun 1896, ya kuma mutu yana takaicin cewa su kaɗai ake yaba masa. James Weldon Johnson, a tarin waƙoƙin baƙaƙen Amurka da ya tattara a 1922, ya yanke hukunci cewa wannan salo sauti biyu kawai yake iya fitarwa, ban dariya da ban tausayi. Amma da ya sake buga wannan tarin a 1931, ya ware Hughes da wani marubucin waƙoƙi, Sterling Brown, ya ce abin da suke rubutawa maganar mutane ce mai rai, ba ta dandalin kwaikwayo ba. Bambancin a aikace shi ne: mai kwaikwayo yana lalata rubutun kalma ko da furucin bai sauya ba, don kawai a ga jahilci. Wanda ya san aiki yana taɓa kalma ne inda cikakken furuci zai ƙara gaɓa ya karya awo. Hughes yana da iri biyun a 1927, gaskiya, kuma a littattafansa na baya ya rage lanƙwasar sosai.

Malam Isiyaku: To na janye kalmar magatakarda, ta yi tsauri. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tuhumata ta biyu tana nan, kuma Hughes ne babban shaidata. Idan takarda ta wadatar, me ya kai shi ɗaukar faifai a 1958 yana karanta waƙoƙinsa, Charles Mingus da su Leonard Feather suna ba shi kiɗa? Me ya sa a Ask Your Mama na 1961 ya rubuta umarnin kiɗa a gefen kowane shafi, a nan a buga ganga, a nan a sa sarewa? Mutumin da ya rubuta wa makaɗa umarni a gefen waƙarsa ya amsa cewa ba ta cika ba. Baldwin ma abin da ya faɗa ke nan, cewa wasu kiraye-kirayen da ke cikin waƙoƙin sun fi ma'ana a titin Lenox fiye da cikin littafi.

Alhaji Mamman: Malam, akwai wata shaidar da ta riga waɗannan da kusan shekara talatin. A ƙarshen 1931 Hughes ya sami tallafin dala 1,000 daga asusun Rosenwald, ya sayi mota ƙirar Ford, ya loda littattafai ya nufi jihohin Kudu. Watanni ya yi yana karanta waƙoƙinsa a makarantun baƙaƙe da coci-coci, yana sayar da ɗan ƙaramin littafi kan santi 25. Ba ƙungiyar makaɗa a motar. Mutanen da suka fi kowa sanin buluz a duniya ne suke zaune suna saurare, kuma daga wannan tafiya ya tabbatar zai iya ci da alƙalaminsa. Ko a nan Legas, da ya zo bikin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar a Nuwamban 1960 (dukansu tsofaffin ɗaliban jami'ar Lincoln ne a Amurka), a matsayin marubuci aka gayyace shi. Zuwansa na farko kuwa a 1923 ne, yana ƙaramin ma'aikaci a jirgin ruwan kaya.

Malam Isiyaku: Alhaji, ranka ya daɗe, murya ma ai kayan kiɗa ce. Ya tsaya gabansu ya rera, ba takarda ya miƙa musu ba.

Hajiya Rabi: Bai rera ba, Malam, don bai iya ba. Shi ya ba da labarin a kan kansa. A 1925 yana Washinton, yana aikin kwashe kwanuka a otal ɗin Wardman Park, yakan haɗa baitocin a ka yana gunguni a hanyar zuwa aiki, yana kwaikwayon abin da yake ji a titi na Bakwai. Wata rana yana tsallaka gada yana rera wani sabo, sai wani mutum ya rugo ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne, wai ya zaci nishi yake yi. Faifan 1958 ɗin da ka ambata ma, a saurara: karatu yake yi shimfiɗaɗɗe kamar mai karanta wasiƙa, makaɗan ne suke bin sa. Wannan hujjar tawa ce ba taka ba. Da awon ba ya cikin kalmomin, da Mingus ba shi da abin da zai hau.

Ask Your Mama kuwa wani gini ne daban, kashi 12, an tsara shi tun farko don a yi shi da makaɗa. Ba za a ɗauki hukuncinsa a ɗora wa waƙoƙin 1927 ba.

Ɗanlami: Ni a nan zan raba gardamar. Faifan yana nuna kalmomin suna karɓar kiɗa ba tare da an gyara su ba, wannan na Hajiya ne. Amma wanda bai taɓa jin buluz ba ko sau ɗaya, in ka ba shi takardar, ba zai san akwai bugu shida na shiru bayan ɗango na 2 ba, zai zarce kawai. Masu karatun Hughes na farko sun zo da kiɗan a kunnensu: faifan mawaƙan buluz, na Mamie Smith na 1920 da na Bessie Smith daga 1923, sun riga sun shiga gidaje. Takardar tana tayar da kiɗan da ke cikin kan mai karatu ne. Wanda kansa babu, rabi zai samu. Wannan na Malam ne.

Malam Isiyaku: To ga gwaji ɗaya da zai raba mu. Waƙar farko a Fine Clothes to the Jew baiti ɗaya ce tak, ɗango 6. Rana tana faɗuwa, mawaƙi ya ce yana jin buluz na zuwa, bai san me zai kawo ba. Shi ke nan, an ƙare. Hajiya, ki ajiye kiɗa gefe ki gaya mini me wannan ta tsinana a matsayin waƙa mai cin gashin kanta.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, buɗe shafin ƙarshe. Waƙar da ta rufe littafin ita ma baiti ɗaya ce, sunanta sunan ta farkon ne aka ninka sau biyu. A can rana tana fitowa, mawaƙin yana cewa da zai iya shiga baƙin ciki, amma ai a cikinsa ya kwana. Littafin kashi 6 ne, an buɗe da buluz an rufe da buluz, tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Duk masu aikin otal, da masu addu'a a coci, da masoyan titin Beale na garin Memphis, da yarinyar da aka rataye mata saurayi a bishiya a Kudu, a cikin dare ɗaya aka zuba su. Babu faifan minti uku da zai iya wannan, sai littafi. Irin wannan ne ya sa Arnold Rampersad, wanda ya rubuta tarihin Hughes a juzu'i biyu, yake ɗaukar wannan littafi da aka fi zagi a matsayin mafi girman aikinsa na waƙa.

Malam Isiyaku: Wannan kam ban lura da shi ba, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ki duba, kafin baitin ya tsaya da ƙafarsa sai da kika jingina shi da ɗan'uwansa a can ƙarshen littafi. Na yarda littafin gini ne. Tubalin guda-guda ne har yanzu ban gamsu da su duka ba. Homesick Blues na ba ki, Bound No'th Blues na ba ki. Sauran sai na sake zama da su.

Bala: Baba Malam, tunda ka ce "ba" ta yi araha, ga nawa:

Mai gida ya zo tun da asuba
yana neman kuɗin haya.
Ya zo tun da asuba,
wai yana neman kuɗin haya.
Na ce ka duba ɗakin da kyau,
ko ɓera ya tattara kaya.

Malam Isiyaku: Rufin ya yi, ɓeran nan ya biya kuɗinsa. Amma ɗango na 5 ya yi kiba, cire "da kyau". Kuma saura baiti uku, ɗana, kada ɓeran ya sake fitowa a cikinsu.